CIWON BAYAN NAS-NAS: Darasi Daga Gangare Ta Jos

A ƙarshen watan Yuli na 2025 nas-nas da ungozomomi na asibitocin Gwamnatin Tarayya suka shiga yajin aikin gargaɗi na kwana bakwai, suka kuma janye bayan 'yan kwanaki da aka zauna da shugabanninsu. Cikin abubuwan da suka nema har da ƙarin alawus na aikin dare, da kuɗin yunifom, da ɗaukar sababbin ma'aikata. Maganar kuɗi ita ce ta fi fitowa fili, amma a bayan kukan da suke yi na a ƙaro hannu akwai wata matsala da ba a cika ambata ba, watau ciwon baya, wanda ke cin ma'aikatan jinya a hankali kamar yadda gara ke cin azara.

Duk wanda ya san Jos ya san Gangare, tsohuwar unguwa a tsakiyar gari kusa da Taminus, wadda ta taso tun zamanin haƙar kuza. Tana maƙwabtaka da tsohon ginin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke kan titin Murtala Mohammed, kafin a koma sabon gini a Lamingo. Mutanen unguwar sun daɗe da sanin nas-nas, don shekara da shekaru suna ganin shigarsu da fitarsu safe da dare. Ɗan Gangare da ke neman abinci a Agege ko Sabon Badun ko Fatakwal, in aka buga masa waya aka ce an kwantar da tsohuwa a Lamingo ko Jan Kwano ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, abin da zai iya shi ne ya aika da kuɗin magani. Amma mai juya tsohuwar a gado, ta ɗaga ta, ta sauya mata shimfiɗa da tsakar dare, nas ce. Saboda haka lafiyar bayan wannan nas ta shafe shi kai tsaye.

Matsalar ba ƙarama ba ce. A wani bincike da aka buga a 2010, wanda aka yi a Asibitin Murtala na Kano, an tambayi nas-nas 408, maza da mata, sai 300 daga cikinsu suka ce sun yi fama da ciwon ƙugu da ƙasan baya cikin shekara guda da ta wuce, watau kusan kashi 74 cikin ɗari. Aikin da nas ke yi a Kano kuwa shi ne wanda takwararta ke yi a Jos. A duniya baki ɗaya an ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke da wannan ciwo a 2020, ana kuma tsammanin za su kai miliyan 843 a 2050. Babu wata cuta da ta fi shi hana mutane aiki.

Dalilin da ya sa ya fi kama nas-nas a fili yake. Masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun ba da shawara a 2007 cewa kada ma'aikacin jinya ya ɗauki nauyin da ya wuce kilo 16 in yana ɗaga majiyyaci da hannu. Baligi kuwa yakan kai kilo 60 ko 70, ba shi da mariƙi kamar buhu, yana kuma iya zamewa ko ya zabura ba zato. Ga yawan sunkuyo wajen sa ƙarin ruwa da wanke ciwo a kan gadon da ba ya hawa ba ya sauka, ga doguwar tsayuwa, ga rashin barci. Daɗin daɗawa, hannu ya ragu. A Fabrairun 2024 magatakardan Hukumar Nas-nas da Ungozomomi ta Nijeriya ya bayyana cewa nas-nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Duk wadda ta tafi Ingila ko Kanada ko Saudiyya, nauyin da take ɗauka ya koma kan wadda ta rage.

To, ina maganin? Likitoci na kiran ciwon baya mai naci in ya wuce wata uku. A mafi yawan masu shi, kimanin tara cikin goma, ko an ɗauki hoto ba a ganin wata cuta guda da za a nuna a ce ita ce sanadi. Wannan ba ya nufin ciwon ƙarya ne. Abin da ke faruwa shi ne, in ciwo ya daɗe jijiyoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa sukan zama masu saurin firgita, har ɗan motsi kaɗan ya zama azaba. Mai ciwo sai ya riƙa tsoron sunkuyo, ya ɗaure jiki, naman baya ya sandare ya yi rauni, ciwon ya ƙaru. Damuwa da rashin barci kuma sai su ƙara wa wutar itace. Nas da ke tunanin kuɗin haya da kuɗin makarantar yara, ga majiyyata cike da ɗaki, tana cikin wannan tarko tsundum.

Daga nan ne aka samo dabarar motsa jiki mai haɗe da natsuwar zuciya. Irinsa da suka fi suna su ne yoga ta Indiya da tai chi ta Sin, sai kuma horon natsuwa da wasu asibitocin Turai da Amurka ke koyarwa. Sunaye sun bambanta amma ginshiƙai uku ne: miƙa gaɓoɓi da ƙarfafa naman ciki da na baya sannu a hankali, jan numfashi mai tsawo da sakinsa a natse, da kuma tattara hankali a kan abin da jiki ke ji ba tare da firgita ba. Alal misali, mutum ya kwanta rigingine a tabarma ya jawo gwiwoyi zuwa ƙirji yana ƙirga numfashi, ko ya durƙusa bisa hannuwa da gwiwoyi yana gantsarewa yana kuma ɗaga baya a hankali. Manufa ita ce jiki ya sake koyon cewa motsi ba haɗari ba ne.

An gwada abin. A 2016 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka kan mutum 342 masu ciwon baya mai naci. Bayan wata shida, kimanin kashi 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa horon natsuwa sun sami sauƙi na a zo a gani wajen gudanar da harkokinsu, alhali cikin waɗanda suka ci gaba da magani yadda aka saba kashi 44 ne. A 2017 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta ba da shawarar a fara da irin waɗannan hanyoyi kafin a kai ga ƙwaya. A kudancin Indiya kuma an gwada kan nas-nas mata 88, aka raba su biyu, rabi yoga rabi motsa jiki na yau da kullum, na tsawon mako shida. Rahoton da ya fito a 2018 ya nuna duka sun amfana, amma 'yan yoga sun fi samun sauƙi a jiki da kwanciyar rai.

Sai dai kada a yi zuzutawa. A 2022 masana na ƙungiyar Cochrane suka tattara gwaje-gwaje 21 da suka ƙunshi mutum fiye da 2,200, suka ga cewa yoga ta fi zama haka kawai, amma bambancin kaɗan ne, kuma ba ta fi sauran motsa jiki na baya da wani abin kirki ba. Wannan magana tana da amfani ga mutanen Jos. Musulmi da Kirista da yawa suna ɗari-ɗari da yoga saboda asalinta yana haɗe da addinin Hindu. Tun da bincike ya nuna amfanin yana cikin miƙa jiki da numfashi da natsuwa ne, babu wanda ke bukatar ɗaukar suna ko wata ibada ta wasu. Ma'aikatan sashen gashin ƙashi, waɗanda aka fi sani da fisiyo, suna iya koyar da shi a matsayin motsa jiki zalla. Sana'ar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, don tun 1966 Jami'ar Badun ke ba da digiri a kanta.

In aka gwada shi da abin da mutane suka saba yi, sai a ga darajarsa. Nas ita ta fi kowa kusa da kabad ɗin magani, kuma abu mafi sauƙi shi ne ta haɗiyi ƙwaya ta koma bakin aiki. Magunguna irin su diclofenac da ibuprofen suna taimakawa na ɗan lokaci, amma yawan shansu na cin tumbi da ƙoda. Tiramadol kuwa kowa ya ga ɓarnar da ya yi wa samarin Arewa. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 4.6 ne suka sha irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba cikin shekara guda. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan ciwon baya mai naci, inda ta sa ilimantarwa da motsa jiki cikin abin da ya kamata a yi, ta kuma ce a guji magungunan dangin tiramadol, da ɗaura bel a ƙugu, da jan baya da na'ura.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Nas-nas na Indiya an ba su awa guda a rana, kwana biyar a mako. Nas da ta kwana tsaye a Lamingo, ta shiga mota zuwa cikin gari cikin sanyin Jos, ta tarar da girki da wanki da yara, ina za ta sami wannan awa? In aka ce mata ta je gida ta yi motsa jiki, an ɗora mata laifin ciwon da aiki ya jawo mata ke nan. Dole lokacin ya fito daga cikin lokacin aiki. Minti goma sha biyar ko ashirin wajen canjin aiki, a wani ɗaki mai tabarmi, mata daban maza daban, ba zai ci kuɗin kirki ba. Makarantun koyon jinya, kamar ta Vom, su ma ya kamata su koya wa ɗalibai tun kafin baya ya fara ciwo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Har ila yau, numfashi ba ya rage nauyin majiyyaci. Muddin nas ɗaya za ta ci gaba da ɗaga abin da ya kamata mutum biyu ko uku su ɗaga, motsa jiki zai zama zuba ruwa a kwando. Ana bukatar gadaje masu hawa da sauka, da zannuwan da ake jan majiyyaci a kai maimakon ɗaga shi, da kekunan turawa, da isassun ma'aikata. Wannan nauyi ne na gwamnatoci da shugabannin asibitoci. Amma ƙungiyoyin 'yan Arewa da ke Kudu, waɗanda kan tara kuɗi don taimakon gida, za su iya tambayar asibiti ko ɗakin shan magani na unguwarsu ko gado ɗaya irin wannan ya fi musu amfani da wani abu dabam. Mai jinya kuma, in nas ta zo juya ɗan'uwansa, ya tashi ya kama mata.

Shi kansa mai karatu darasin bai bar shi ba. 'Yan dako a kasuwar Mile 12, da direbobin tirela da ke kwana a layin Apapa, da teloli da masu acaɓa, duk baya suke ci da shi. Kwanciya kwana da kwanaki ba ta maganin ciwon, ƙara shi take yi. Tafiya a ƙasa da miƙa jiki kullum sun fi. Amma in ciwon ya zo da mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko zazzaɓi da rama, ko ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin mota, to, ba maganar motsa jiki ba ce, sai a garzaya asibiti, don yana iya zama tarin fuka na ƙashin baya ko matsewar laka.

Motsa jiki mai haɗe da natsuwa hanya ce mai arha, mai amfani daidai gwargwado, wadda ta fi ƙwaya aminci. Ya cancanci a shigar da shi asibitocin Jos da na sauran garuruwa. Amma a ba shi lokaci cikin aiki, a kuma haɗa shi da kayan aiki da ƙarin ma'aikata, don ranar da bayan nas ya gaza, majiyyacin da ke kwance shi zai fara ji a jikinsa.