Mulkin Shekara Dubu: A Ƙasa Ko A Sama?

Wani mai karatu, ɗan kasuwa daga Tawa, ya aiko mana da wasiƙa yana tambaya: mene ne dalilin da ya sa waɗansu Kiristocin Amurka suka fi waɗansu Yahudawa ma ɗaukar zafi a kan maganar Isra'ila, alhali kuwa addininsu ba ɗaya ba ne? Ya ce shi a ganinsa kuɗi ne kawai da siyasa. To, Alhaji, kuɗi da siyasa suna ciki, ba mu musa ba. Amma a ƙarƙashinsu akwai wata tsohuwar gardama wadda malaman Kirista suka shafe fiye da shekara 1800 suna yi a tsakaninsu, kuma wanda bai san ta ba, labarin Gabas ta Tsakiya zai riƙa zo masa guntu-guntu.

Kusan dukan Kiristoci sun yarda cewa Yesu Almasihu zai dawo. Musulmi ma suna jiran saukowar Annabi Isa, sai dai bisa wata fahimta dabam wadda ba ita ce maganarmu ta yau ba. Inda Kiristoci suka rabu shi ne irin mulkin da zai yi. A cikin littafin ƙarshe na Littafi Mai Tsarki, wato Wahayin Yahaya, sura ta 20 ta ba da labarin za a ɗaure Shaiɗan shekara 1000, salihai su yi mulki tare da Almasihu a tsawon wannan wa'adi. Ayoyi ƴan kaɗan ne. Amma shin mulki ne na zahiri, mai babban birni da gadon sarauta da gonaki, ko kuwa misali ne na wani abu na ruhu? Nan ne aka kasa haɗa baki.

Na farko-farko da yawa sun ɗauke shi a zahiri, har da ɗanɗanonsa a baki. Ireniyus, limamin birnin Liyon na Faransa ta yau, wajen shekara ta 180 ya ruwaito daga wani dattijo mai suna Papiyas cewa a wancan zamani kowace kurangar inabi za ta yi rassa dubu goma, kowane reshe ya yi ƴaƴa ba iyaka, alkama ma haka. Kada mu yi saurin dariya. Mutane ne da sarakunan Rum ke kamawa suna jefa wa namun daji, yawancinsu talakawa da bayi; wanda ya kwana da yunwa, in ya yi mafarkin mulkin adalci, ai da rumbu cike zai gan shi. Duk da haka malaman da suka sha falsafar Girka sun ji kunyar wannan magana, har marubucin tarihi Yusabiyus ya kira Papiyas mutum mai ƙaramin hankali.

Wanda ya juya akalar gaba ɗaya ɗan Afirka ne: Ogustin, limamin Hippo, garin da ake kira Annaba yanzu a Aljeriya. Shi da kansa ya amsa cewa ya taɓa bin ra'ayin farko kafin ya bar shi. Bayan da aka ci birnin Rum da yaƙi a shekara ta 410, ya rubuta babban littafinsa Birnin Allah, inda ya koyar da cewa shekara 1000 ba lissafin kalanda ba ne, zamanin Ikilisiya ne tun zuwan Almasihu na farko, kuma mulkin ya riga ya fara a cikin zukatan masu bi. Wannan fahimta ce ta zauna fiye da shekara dubu, ita ce kuma Katolika da manyan ɗarikun Protestan na dā suke kai. A littafin koyarwarta na 1992, Ikilisiyar Katolika ta sake yin watsi da duk wani zaton cewa za a kafa mulkin Almasihu a cikin tarihi kafin ranar hisabi.

Hukumomi sun ji daɗin fahimtar Ogustin, dalili kuwa a fili yake. Mulkin da ke cikin zuciya ba ya hana kowa biyan haraji. Wanda kuwa ake jiran ya sauko a wani gari ranar kaza, yana iya watsa kasuwa. A 1534 wasu masu wa'azi suka ƙwace birnin Munsta na Jamus suka ce shi ne sabuwar Kudus. Suka soke kuɗi, suka tara dukiyar jama'a wuri guda, suka naɗa wani tela, Yan na Laidin, sarki. An kewaye birnin har yunwa ta ci mutane, ya faɗi a watan Yuni na 1535. Kejin ƙarfe uku da aka rataye gawarwakin shugabannin a ciki suna nan har yau a jikin hasumiyar majami'ar Lamba. A Amurka kuma, wani manomi William Mila ya yi lissafi daga littafin Daniyel, almajiransa suka tsayar da ranar 22 ga Oktoba 1844. Wasu suka rufe kantuna, wasu suka bar amfanin gona bai girbu ba. Gari ya waye babu abin da ya faru. Daga ragowar wannan jama'a ne ɗarikar Adbentis ta fito a 1863, ita kuwa ta koyar da cewa shekara 1000 ɗin a sama salihai za su yi ta, ƙasa na nan kango.

Akwai kashi na uku da ya yi tashe a ƙarni na 19, masu cewa mutane ne za su gyara duniya da wa'azi da lakwal da hana cinikin bayi, har a samu dogon zamani na salama, sa'an nan Almasihu ya dawo a ƙarshensa. Yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918 ya kashe wa yawancinsu gwiwa.

Yanzu ga amsar wasiƙarka, Alhaji. Wani malami daga Irlanda, John Nelson Darbi, wanda ya rasu a 1882, ya farfaɗo da fahimtar zahiri amma da sabon gini. A wurinsa, alkawuran da aka yi wa Bani Isra'ila na ƙasa da sarauta ba su koma kan Ikilisiya ba, suna nan suna jiran Yahudawa da kansu. Sai a fara ɗauke masu bi zuwa sama, a yi shekara 7 na tsanani ƙarƙashin maƙiyin Almasihu, a gwabza babban yaƙi, sa'an nan Almasihu ya sauko ya zauna a gadon Dauda a Kudus, da haikali da aka sake ginawa, wasu ma sun ce har da layyar dabbobi. Littafi Mai Tsarki mai sharhin Skofil, wanda ya fito a 1909, ya kai wannan tsari cikin gidajen Amurkawa miliyoyi. Da aka kafa Isra'ila a 1948, aka kuma kama gabashin Kudus a 1967, sai masu wannan fahimta suka ga kamar agogon annabci ne ya fara bugawa. Ranar 14 ga Mayu 2018, da Amurka ta buɗe ofishin jakadancinta a Kudus, fastoci biyu daga wannan ɓangare, Robert Jeffress da John Hagee, su ne suka yi addu'ar buɗewa da ta rufewa. A 2020 shugaba Trump ya faɗa a bainar jama'a cewa domin Kiristocin bishara ya yi wannan aiki.

Abin da ya kamata ka lura da shi: son nan ba mai sauƙi ba ne, domin a cikin tsarin, Yahudawan da za su tsira a ƙarshe su ne waɗanda suka karɓi Yesu. Kuma kuskure ne babba a ɗora wannan koyarwa a kan kowane Kirista. A 2006 wasu shugabannin majami'un Kudus, cikinsu har da babban limamin Katolika Mishel Sabbah, Bafalasɗine, sun sa hannu a kan takardar da ta ƙi ta ƙarara. Su ne fa gonakinsu da gidajensu ke cikin taswirar.

Matsalar haikali ita ce mafi haɗari, domin filin da ake nufi shi ne inda Masallacin Ƙudus yake tsaye. Ranar 21 ga Agusta 1969 wani Kirista ɗan Ostiraliya, Denis Rohan, ya cinna wa masallacin wuta, yana zaton zai gaggauta dawowar Almasihu. Kotu ta same shi da taɓin hankali, babu kuma majami'ar da ta aike shi. Amma mumbarin da Salahuddin ya kawo a ƙarni na 12 ya ƙone. Wata guda bayan haka shugabannin ƙasashen Musulmi suka taru a Rabat, Nijar na cikinsu, suka aza harsashin Ƙungiyar Taron Musulunci. Ita ce ƙungiyar da ta gina jami'ar Musulunci ta Sayi, inda watakila, Alhaji, wani daga cikin ƴaƴanka yake karatu.