Adireshin Intanet da Mas'alar Ɗakin Wakafi

Malaman Malikiyya, musamman Alƙarafi a cikin Alfuruƙ, sun rarrabe tsakanin wanda ya mallaki amfanin abu har yana iya ba da shi haya, da wanda aka yi wa izinin ya amfana da kansa kurum, kamar ɗalibin da aka ba ɗaki a makarantar wakafi, wanda ran da ya tashi sai ya miƙa mabuɗi, ba shi da ikon sa ɗan haya. Wannan tsohuwar mas'ala ita ce, a ganina, tushen rigimar lambobin adireshi waɗanda kowace na'ura ke bukata kafin ta hau intanet.

Hukumomi biyar ne ke rabon lambobin nan a duniya, tamu ta Afirka kuwa ita ce AFRINIC, mai mazauni a tsibirin Morishus, wadda aka tabbatar da ita a 2005. Kamfanin sadarwa ko jami'a a Najeriya ko Nijar, in suna son rabonsu, sai su sa hannu a yarjejeniya, su riƙa biyan kuɗin rajista kowace shekara gwargwadon abin da aka ba su. Kuɗin nan kuwa ladan tsare kundi ne da hidima, ba farashi ba ne, domin babu ciniki balle sayarwa.

Lokacin da lambobin ke da yawa, ba wanda ya damu da cewa aro ne ba mallaka ba. Amma da babban rumbun tsohon tsarin adireshin, mai lambobi wajen biliyan 4.3, ya ƙare a Fabrairun 2011, a shekarar kuma Microsoft ya sayi lambobi 666,624 na rusasshen kamfanin Nortel a kan dala miliyan 7.5, sai abin da ake ɗauka aro ne ya zama haja, idon 'yan kasuwa kuma ya koma kan Afirka, inda saura ya rage. Da AFRINIC ta nemi karɓe miliyoyin lambobin da ta ba kamfanin Cloud Innovation, bisa hujjar cewa ya saɓa yarjejeniya ta hanyar ba da su haya, kamfanin ya musanta, ya garzaya kotu. Aka rufe asusun hukumar a 2021, aka kuma naɗa mata mai riƙo a 2023.

Ni dai ina tare da hukuncin ɗakin wakafi, ko da yake, don Allah a yi adalci, naziri, mai kula da wakafin, shi ma sai ya tsare amana kafin ya tuhumi ɗalibi, hukumar kuwa ta sha zargi a kan yadda wasu lambobi suka sulale daga kundinta. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne halin kamfanoni da jami'o'inmu masu rajista da hukumar: takardar biya ta iso, ma'aji ya yi ta fafutukar neman dala har ya biya, ya jefa rasit a durowa, alhali yarjejeniyar tana nan cikin fayil ba wanda ya taɓa karanta ta, ran zaɓen shugabannin hukumar kuma ƙuri'ar da kuɗin nan ya ba su ta kwana ba a kaɗa ba.