Zuma Ba Ta Halatta Giya

Akwai wata musiba da ke lallaɓowa cikin samarin Kademi da sauran garuruwan Gaya da Ajingi masu tafiya ci-rani Abuja da Legas. Yaro zai samu aiki a otal, a tsayar da shi bayan kanta, a koya masa haɗa wani abin sha da ake kira Gold Rush. In ya dawo gida aka yi masa magana sai ya ce wai shi ai bai taɓa kurɓa ba, lemon tsami kawai yake matsawa ya zuba zuma. Subhanallahi!

To mene ne a cikin kofin? Uwar haɗin ita ce barasar nan ta Amurka mai suna Bourbon, wadda cibiyarta ke jihar Kentaki. Dokar Amurka da kanta ta ce dole masara ta kai kashi 51 cikin 100 na hatsin da aka dafa ta da shi, kuma ƙarfin barasarta a kwalba kada ya gaza kashi 40. Ita ake zubawa da yawa, a ɗan ƙara ruwan lemon tsami da zumar da aka narka da ruwan ɗumi, a girgiza da ƙanƙara. Aikin zumar guda ɗaya ne, ta kashe zafin barasar a maƙogwaro yadda wanda bai saba ba zai shanye bai yamutsa fuska ba. A wata mashaya ta birnin New York aka ƙirƙiro shi a farkon shekarun 2000, kuma sunan mashayar ma, don tsabar rainin hankali, ma'anarsa Madara da Zuma.

Zumar da Allah Ya ambata da waraka a Suratun Nahli, wadda iyaye ke ajiyewa don mai tari da mai ƙuna, ita aka mayar 'yar rakiyar abin da Suratul Ma'ida ta kira ƙazanta daga aikin Shaiɗan. Shi kuwa mai cewa haɗawa kawai yake yi, ya koma gaban Malaminsa a karanta masa hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Anas, inda Manzon Allah (S) ya la'anci mutum 10 a kan giya. Mai sha ɗaya ne kawai a cikinsu. Mai ɗauka da mai shayarwa da mai cin kuɗinta duk suna ciki.

A 2000 aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, a Nuwamban 2013 kuma Hisba ta sa mota ta murƙushe kwalaben giya kimanin 240,000 a bainar jama'a. Madalla. Amma wa ya taɓa ganin an murƙushe kofin babban mutum a otal? Shi yana zaune cikin sanyi yana kurɓa, ɗan talakan Kademi kuwa yana tsaye yana girgiza masa, ƙarshen wata ya aika wa tsohuwarsa kuɗin ta sayi masarar tuwo.