"Kwamfuta ce ta lissafa" ba hujja ba ce a kan abincin magenka

Jama'a, akwai wani yayi da ya ishe ni. Mutum zai buɗe Excel, ya zuba farashin shinkafa, hanta da kifi, ya danna Solver, sai ya ɗauki hoton sakamakon ya watsa wai ga "cikakken abincin mage". Ka yi magana ya ce ai kwamfuta ce ta lissafa. To sai me?

Lissafin da Solver ke yi sunansa liniya furogiramin. Kai za ka ba shi jerin abinci da kuɗinsu, ka gindaya masa sharuɗɗa: furotin kada ya gaza kaza, kitse kada ya wuce kaza. Shi kuma ya nemo maka haɗin da ya fi araha. Iyakar aikinsa ke nan. Sharaɗin da ba ka rubuta ba, babu ruwansa da shi.

Ko George Dantzig, Ba'amurken da ya ƙirƙiro hanyar warware irin wannan lissafi a 1947, sai da abin ya ba shi kunya. Ya gwada a kan abincin kansa, na'ura ta ce ya sha galan 500 na ruwan khal a rana. Ya cire khal, can gaba ta kawo masa dunƙulen miya 200, don ba a sa wa gishiri iyaka ba. Mai abin ke nan fa, balle ni da kai.

Shi Dantzig yana da bakin cewa a'a. Mage fa? Ita maciyar nama ce, dole ta samu sinadarin taurin a abinci. Idan ta rasa shi, a hankali ido ya tafi, zuciya ta raunana. Hanta cike take da bitamin A, idan ba ka sa mata iyaka ba lissafi zai iya lafta ta, kuma yawanta na lalata ƙashin mage. Tsoka zalla kuwa kalsiyam ɗinta bai kai ba. Albasa da tafarnuwa guba ne gare ta, kada ma su shiga jerin.

Ni ban ce a daina lissafin ba, wallahi ya fi kintace. Amma alƙaluman sharuɗɗan daga likitan dabbobi ake karɓowa, ba daga ka ba. Duk wanda ya turo maka irin hoton nan, ce masa ya nuna maka sharuɗɗan da ya saka. Idan babu layin taurin, kada ka zuba mata.