A Daina Yi Wa Motar Da Sai An Tura Ta Lodi

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in faɗi albarkacin bakina a kan wata matsala da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya a nan yankin Gumel, wato matsalar batir da wayarin ƙananan motocin haya da muke shiga kullum.

Ni manomi ne, ina kuma taɓa 'yar tireda. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni ba bakanike ba ne, saboda haka masu sana'ar su yi mini afuwa idan na yi tuntuɓe. Abin da ya ba ni bakin magana shi ne aljihuna ya ji jiki, kuma jiki magayi.

Garinmu Gagarawa Tasha sunansa ma daga tashar jirgin ƙasa ya samo shi, ta layin dogon da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a shekarar 1930. Amma a yau mu da kayanmu mota ce ke ɗaukarmu. Ko Sharon ce, ko Sienna, ko Hiace, su ne jakunanmu na zamani. Ran Alhamis su kai mu kasuwar Maigatari da awaki da riɗi da zoɓorodo, ran Lahadi su kai mu Gujungu, in ciwo ya tashi su kai mu asibiti. Galibinsu kuwa tsofaffi ne, sun gama aikinsu a Turai ko Amurka kafin su iso hannunmu. Sharon tun 1995 aka fara ƙera ta, Sienna kuwa 1997. Wata motar da ke lodi a tasharmu ta girmi direbanta.

Bayan an cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ni da ƙanena muka ga kuɗin mota zai cinye mana ribar tireda. Sai muka haɗa kuɗin riɗinmu na kaka da ɗan bijimin da muka turke, muka sayi wata tsohuwar ƙaramar bas 'yar Kwatano, shi yana tuƙi, ni ina da rabin jari. Wata biyu da fara aiki sai ta fara ƙin tashi da safe. Ka murɗa makulli ka ji ƙas ƙas, shi ke nan. Muka ce batir ne, muka sayi sabo. Bayan 'yan watanni ya mutu. Muka zagi mai shago, muka canza shago, muka sayi wani. Shi ma ya bi sahun ɗan'uwansa. Cikin shekara ɗaya da 'yan watanni batir uku muka saya, kuma kowanne kuɗinsa ya fi na buhun gero.

Abin da ya sa na dawo hayyacina shi ne wani dare cikin damina. Wajen ƙarfe biyu maƙwabcina ya buga mini ƙofa, iyalinsa na kan gwiwa, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, a tafi asibiti Gumel. Ƙanena ya murɗa makulli, mota ta ce ba ta san zancen ba. Sai da muka bi gida gida muka taso samari daga barci, aka yi ta turi a cikin taɓo kafin ta kama. A hanya kuma fitila ta yi ja kamar aci-bal-bal, da tocilan wayar hannu aka riƙa haska masa kwalta. Allah ya rufa asiri, uwa da ɗa suka tashi lafiya. Amma har yau idan na tuna daren nan sai gabana ya faɗi. Da Sienna ce ma, wadda giyarta atomatik ce, ko garin duka ya fito ya tura ba za ta tashi ba.

Washegari na ce a kai ta wurin wani dattijon mai gyaran waya. Bai kwance komai ba tukuna. Ya ɗauko wata 'yar na'ura mai allura biyu, wadda suke kira mita, girmanta bai fi tafin hannu ba, ya ɗora a kan batir. Ya ce a tayar da inji, ya sake ɗorawa. Sai ya dube ni ya ce, "Alhaji, ai batiranka ba su da laifi, yunwa ce ta kashe su." Ashe altaneta, wato injin da ke cajin batir idan mota na tafiya, ita ce ta gaji, fambel ɗin da ke juya ta ya yi sako-sako, wayar da ke haɗa batir da jikin mota kuma ta yi tsatsa. Kuɗin gyaran duka bai kai na batir ɗaya ba. Jama'a, ku dubi irin wannan asara, an bar jaki ana dukan taiki.

Ga abin da dattijon nan ya koya mini, na kuma tabbatar da shi da idona, don amfanin 'yan'uwana masu mota. Batirin ƙaramar mota mai bolt 12 ne, ɗakuna shida ne a cikinsa. Idan ya cika kuma inji na kashe, mita za ta nuna wajen 12.6. Idan aka tayar da inji, ya kamata ta hau tsakanin 13.8 da 14.5, alamar caji na shiga ke nan. In ta tsaya ƙasa da 13, to caji ba ya shiga yadda ya kamata, ko wane irin batir ka saya mutuwa zai yi. In kuwa ta zarce 15, caji ya yi yawa, ana dafa batirin ne, zai ƙone ruwansa ya kumbura. Awon nan bai fi minti biyu ba. Me ya sa ba ma yin sa kafin mu zare kuɗi?

Na biyu shi ne zafi. A Turai sanyi suke kuka da shi, mu kuwa a nan rana ce ke cin batir. Cikin watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a wannan yanki, ga kuma zafin inji. Ruwan batir yana ƙafewa, farantan dalma da ke ciki su fito fili su lalace. Batirin da ke da murafu ana duba shi lokaci lokaci, a ƙara masa tataccen ruwan batir da ake sayarwa a kwalba. Ba ruwan rijiya ba, ba na burtsatse ba, ba kuma ƙarin asid ba. Wanda aka rufe ruf daga kamfani kuwa ba a ɓalle shi.

Na uku, wannan farin gari ko kore da ke taruwa a kan batir yana tare wuta. A kwance kawunan, a fara cire na wayar da ke zuwa jikin mota, a wanke da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, a goge, a ɗaure tamau, a shafa ɗan giris. Ba a buga ƙusa ko a dake shi da dutse don ya kama, kamar yadda nake gani a tasha. A kuma ɗaure batirin kansa da ƙarfensa. Wanda aka ɗaure da robar tayar keke yana ta tsalle a hanyoyinmu na burji, farantansa girgiza ke kakkarya su. Kada kuma a kunna ashana ko taba kusa da batirin da ke caji, domin iskar da yake fitarwa tana kama wuta, yana iya fashewa ya watsa wa mutum asid a ido.

To amma gaskiya ɗaya ce, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yawancin ciwon motocin nan mu muke jawo shi da hannunmu, ba waɗanda suka ƙera su ba. Direba zai kashe inji a inuwa ya kunna rediyo da manyan sifiku tun hantsi har la'asar, ga wayoyin mutane goma a jone suna caji. Ran biki a cire batirin mota a kai wa mai lasifika, a dawo da shi fanko. Batirin mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi ta 'yan daƙiƙu ya tayar da inji, sannan a mayar masa. Idan ana tatse shi ƙarƙaf, sau kaɗan zai jure. Tsadar mai kuma ta sa ana kashe inji duk inda aka tsaya ɗaukar fasinja ɗaya, a sake tayarwa, a sake kashewa, batir bai samu ya mayar da abin da ya bayar ba.

Sai kuma maganar fiyus, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro. Fiyus maigadi ne. Idan waya ta goge ta taɓa ƙarfe, shi ke ƙonewa don mota ta tsira. Kowanne da lambarsa a rubuce, ja 10, shuɗi 15, rawaya 20. Amma sai ka ga ya ƙone, maimakon a nemi dalili, an naɗa silin waya ko takardar kwalin taba an cusa. An kori maigadi ke nan an bar ƙofa a buɗe. Ranar da wayar ta sake taɓa ƙarfe, ita ce za ta yi ja ta kama da wuta, a motar da aka cusa mutum goma sha da buhuna, ƙofar baya ɗaure da igiya, wani lokaci har da jarkar fetur a but. Wa zai fita?

Haka nan al'adar aron batir. A ɗauko na wata mota a tayar, sannan a cire shi inji na aiki a mayar da mataccen. Wasu masu gyara ma haka suke gwada altaneta, su zare kan batir su ga ko inji zai mutu. A tsofaffin motocin da ba su da kwamfuta an sha yin haka an kwana lafiya. Motocin yanzu kuwa suna da ƙwaƙwalwa, wutar da ke tashi sama a lokacin nan tana iya ƙona ta, kuma kuɗinta ya ninka na batir. A nemi wayar jona batir da batir, ja a kan mai alamar tarawa, kada a juya. Mu da muke ɗaukar hatsi kuma mu riƙa share mota, domin tsabar da ta zube ke kiran ɓeraye, su kuwa ba abin da suke so irin gurgurar waya.

Na san abin da 'yan'uwana direbobi za su ce: mai ya yi tsada, kayan gyara sun yi tsada, mai mota na jiran balas, iyali na jiran cefane. Wallahi na sani, tunda ni ma a cikin rigar nake. Amma ni da na ƙi biyan kuɗin awo, batir uku na biya. Rigakafi ya fi magani, kuma araha ba ta ado. Sannan ba direba kaɗai ke asara ba. Mai akuya da ya isa Maigatari bayan manyan masu saye sun gama lodi, a wulaƙance zai sayar ko ya koma da ita ya biya kuɗin mota biyu. Fasinja ya biya kuɗinsa cif, sannan a ce ya sauko ya yi turi. Wannan ba adalci ba ne.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, don Allah su kafa doka a tashoshinsu: motar da ba ta tashi da makullinta, ko fitilunta na gaba da na baya ba sa kamawa, kada a ba ta layin lodi sai ta gyara. Daga cikin kuɗin da ake karɓa a kowane lodi a sayi mita ɗaya da wayar jona batir a ajiye a ofis, a koya wa yaro ɗaya aiki da su. Wannan bai fi ƙarfin kowace tasha ba.

Ina kira ga jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa su riƙa shiga tasha da safe suna wayar da kai kan fitila da fiyus, tun kafin mota ta hau titi da rayuka. Hukumar kula da ingancin kaya, wato SON, ta sa ido kan batiran da ake wanke tsofaffi a manna musu sabuwar takarda. Mu masu saye kuma mu nemi rasit mai kwanan wata da sharaɗin canji, mu duba ranar da aka ƙera batirin, domin wanda ya daɗe a kan kanta ya fara mutuwa tun kafin a saye shi.

Abu na ƙarshe, mataccen batir ba abin wasan yara ba ne. Dalma ce a cikinsa da asid. Ba mu manta ba, a shekarar 2010 gubar dalma ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Tasu daga dutsen zinariya da ake niƙawa a gida ta fito, amma dalmar ɗaya ce. Kada a fasa batir a tsakar gida, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha. A mayar wa dila a rage kuɗin sabo.

Mu fasinjoji ma da namu. Idan muka ga ana tura mota kafin a fara lodi, mu haƙura mu jira ta gaba, ko da za mu makara kaɗan. Ranar da direba ya ga kujerunsa wayam, da kansa zai nemi mai mita. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa masu abin su ji su gyara, amin.

Daga wani manomi ɗan tireda,
Gagarawa Tasha, Jihar Jigawa.