Sharhi: Tsadar taki da darasin ƙahon saniya ga manoman lambun Jos

A kasuwar Katako da ke Laranto, cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, garin katako kan taru tsibi-tsibi a bayan injinan yanka. Ba nisa da nan, a kasuwar kayan gwari ta Farin Gada, ganyen kabeji da ruɓaɓɓen tumatir da kan karas kan cika juji kowace rana. Duka biyun kayan haɗa taki ne, amma galibinsu wuta ko kwata ke cinyewa, a daidai lokacin da manoman rani na bakin kogin Dilimi ke kokawa da tsadar takin zamani.

A shekarar 2017, ƙarƙashin shirin samar da taki na Shugaban Ƙasa da aka ƙulla da Maroko, an tsayar da farashin buhun NPK mai kilo 50 a kan Naira 5,500. Yaƙin Rasha da Yukren a 2022, cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira sun sa farashin ya ninka fiye da sau biyar. Hakan ya faru duk da cewa an buɗe masana'antar yuriya ta Dangote a Legas a watan Maris na 2022.

Wannan matsin ya sa manoma da dama waiwayar takin gargajiya, ya kuma buɗe kasuwa ga ruwan feshi iri-iri da ake tallatawa da sunan farfaɗo da ƙasa. Ɗaya daga cikin tsofaffin tsare-tsaren da suka yi suna a wannan fanni shi ne noman bayodainamik. Nazarin abin da ya yi aiki a cikinsa da abin da bai yi ba zai taimaka wa manomi ya san inda ya dace ya sa kuɗinsa.

Tsarin ya samo asali ne daga laccoci takwas da wani masanin falsafa ɗan Ostiriya, Rudolf Steiner, ya gabatar wa manoma a watan Yunin 1924 a Koberwitz, wanda yanzu yake cikin ƙasar Foland. Mabiyansa suna amfani da haɗe-haɗe tara masu lamba 500 zuwa 508.

Mafi shahara shi ne mai lamba 500. Ana cusa kashin saniya a cikin ƙaho, a binne shi tsawon lokacin hunturu, sannan a tono. Sai a ɗebi kimanin cikin hannu, a dama a ruwa na tsawon sa'a guda, a fesa wa ƙasa. Mai lamba 501 garin farin dutse ne da ake binnewa a ƙaho lokacin zafi, a fesa wa ganye. Shida daga cikin sauran ana yin su ne da furanni da ganye da ɓawon itatuwan Turai, a sa su kaɗan-kaɗan cikin tsibin taki.

Tsarin ya shigo Afirka ma. A 1977 Dokta Ibrahim Abouleish ya kafa gonar SEKEM a hamadar da ke arewa maso gabashin Alƙahira, inda ta zama babban kamfanin abinci da magunguna da auduga. Sai dai ginshiƙin aikin da ya mayar da yashi ƙasar noma shi ne ɗimbin takin shanu da aka ruɓar, da ruwa, da dashen itatuwa.

Binciken kimiyya ma ya karkata ga hakan. Tun 1978 ake gudanar da wani gwaji a Therwil ta ƙasar Suwizalan, inda ake kwatanta noman bayodainamik da noman takin gargajiya zalla da noman takin zamani. Sakamakon shekaru 21 da mujallar Science ta buga a 2002 ya nuna cewa filayen da ba a sa wa takin zamani ba sun fi yawan tana da ƙananan halittun ƙasa, amma amfaninsu ya gaza da kimanin kashi 20 cikin 100.

Da aka zo ga haɗe-haɗen su kaɗai kuwa, bitar da Linda Chalker-Scott ta Jami'ar Jihar Washington ta wallafa a 2013 ba ta sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa suna ƙara wani abu a kan abin da takin kansa ke yi ba. Ma'ana, albarkar tana cikin tsibin taki da kulawar manomi, ba lalle sai an binne ƙaho ba.

A nan ne manomin Jos yake da abin tinƙaho. Ƙasar tsaunin Filato tana da tsami, kuma haƙar kuza da aka soma tun farkon ƙarni na 20 ta lalata filaye masu yawa, ko da yake kududdufan da ta bari sun zama madogarar noman rani. Manoman sun daɗe da gano cewa takin zamani shi kaɗai yana gajiyar da irin wannan ƙasa.

Binciken da Margaret Pasquini da Michael Alexander na Jami'ar Durham ta Ingila suka yi a farkon shekarun 2000 ya nuna yadda masu lambu a kewayen Jos ke gwama takin zamani da kashin kaji da na shanu da tokar juji. Tokar tana rage tsamin ƙasa, tana kuma ba ta wasu sinadarai. Amma binciken ya gano cewa ingancinta ya bambanta ƙwarai daga wannan juji zuwa wancan, kuma tana ɗauke da ƙarafa masu illa, ciki har da dalma.

Matsalar a bayyane take. Jujin da yake da toka ce ta murhu, shara ce ta tsakar gida da kashin awaki, irin wanda jakuna suka riƙa fitarwa daga birnin Kano zuwa gonakin kewaye. Jujin yau cike yake da leda, batir, gwangwani da kwalba. Ƙona shi yana kuma salwantar da sinadarin naitirojin, wanda shi ne ya fi tsada a buhun taki.

Ruɓar da shara ya fi ƙona ta riba. Idan aka jera ganyen kasuwa da kashin kaji da busasshiyar ciyawa hawa-hawa, aka yayyafa ruwa, ana juyawa lokaci-lokaci, tsibin kan yi zafin da ya haura digiri 55, wanda ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Cikin wata biyu zuwa uku yakan nuna. Garin katako yana shiga, amma sai an haɗa shi da kashin kaji ya ruɓe sosai, in ba haka ba zai janye naitirojin ya bar shuka ta yi rawaya.

Duk da haka, akwai lissafin da bai kamata a ɓoye wa manomi ba. Buhun NPK 20:10:10 yana ɗauke da kilo 10 na naitirojin. Kafin a sami wannan adadi daga takin da aka ruɓar, ana bukatar rabin tan zuwa tan guda, kuma a hankali yake sakin abincinsa. Kuɗin lodi da na mota da na ƙwadago suna kan manomi.

Abin da ya faru a Siri Lanka ishara ce. Gwamnatin ƙasar ta haramta shigo da takin zamani a watan Afrilun 2021, noman shinkafa da na shayi suka faɗi, dole ta janye dokar kafin ƙarshen shekarar. Taron shugabannin Afirka kan taki da lafiyar ƙasa da aka yi a Nairobi a watan Mayun 2024 ya goyi bayan amfani da nau'o'in biyu tare.

Saboda haka aikin da ke gaban hukumomi a Filato ba mai nisa ba ne. Na farko, a ware sharar da ke ruɓewa tun daga kasuwannin Farin Gada da Laranto, a samar da filin sarrafa ta kusa da lambuna. Na biyu, Jami'ar Jos da shirin bunƙasa aikin gona na jihar su riƙa auna taki da toka da ƙasa a farashin da ƙaramin manomi zai iya biya. Na uku, a yi aiki da Dokar Kula da Ingancin Taki ta 2019 a kan duk ruwan feshin da ake sayarwa, a tabbatar abin da aka rubuta a jikin kwalba shi ne a cikinta.

Shi kuwa manomin da ke sha'awar gwada feshin ƙaho ko wani makamancinsa, hanya mafi aminci ita ce ya ware kunya biyu masu taki iri ɗaya, ya fesa wa ɗaya, ya bar ɗaya, ranar girbi ya ƙirga kwanduna. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin kunya biyu ba zai ci jarin shekara ba.