Kafin ka sayi talabijin mai 4K, me za ka kalla a cikinta?

Tun da abokaina suka san ina rubuta manhaja, duk wanda ya ɗan tara kuɗi sai ya kira ni: "Mai 4K zan saya, ko?" Ni kuma tambayata ɗaya ce: me za ka kalla, kuma da wace data?

Masu talla suna so mu yarda cewa kyawun hoto ne ke sa mutane karɓar sabuwar na'ura. Ni ban yarda ba. Sony ta fito da Betamax a 1975, JVC ta biyo baya da VHS a 1976. Mutane da yawa sun ce hoton Betamax ya fi kyau, amma kaset ɗinta na farko awa ɗaya yake ɗauka, na VHS kuwa awa biyu, wato fim guda ya shige ciki. VHS ce ta cinye kasuwa. Bayan fim ɗin Avatar na 2009 kuma, kamfanoni suka yi ca a kan talabijin mai 3D. To wa zai zauna a falonsa da tabarau na musamman saboda fina-finan da ba su taka kara sun karya ba? Zuwa 2017 LG da Sony sun daina ƙera ta.

A nan gida ma haka abin yake. Ba kyawun hoto ne ya raba mu da faifan CD na Kannywood ba. Izzar So da Labarina ne suka ja mu zuwa YouTube, don kowa na zancensu, kai kuma ba ka son a ba ka labari. Mahaifiyata, wadda ko lamba ba ta son ajiyewa a waya da kanta, cikin yini ɗaya ta koyi tura bidiyo zuwa talabijin.

Sai maganar data, wadda mai shago ba zai taɓa yi maka ba. Netflix da kanta ta ce kallon 4K na iya cin gigabait 7 a awa ɗaya, HD kuma har 3. Ka lissafa da kuɗin datarka. Mafi yawanmu 480p muke saukowa idan wata ya yi nisa, kuma a babban allo nan ne hoton ya fi muni.

Idan talabijin ɗinka na da ramin HDMI, ƙaramin akwatin Android TV ya ishe ka. Ragowar kuɗin ka zuba a data, ko batirin da zai riƙe ta idan an ɗauke wuta.